Jama'ar Maruta, Mu Tsallakar da Dashenmu Ranin Farko

Jama'ar Maruta, da maƙwabtanmu na Sara, Kila, Basirka, Fagam da Farin Dutse, da 'yan'uwanmu na ƙasar Birnin Kudu: Tunda ruwa ya ɗauke, an yanke dawa, gonaki sun buɗe har mutum na hango ɗan'uwansa daga nesa, ina roƙon kowane magidanci ya yi wani ɗan aiki da ba zai ci masa ko sisi ba. Ya shiga gonarsa ya ƙirga itatuwan da ke tsaye. In ya gama, ya sake ƙirgawa, amma wannan karon waɗanda ya girme su kaɗai. Malam, ɗorawa nawa ce a gonarka wadda ka girme ta? Tsamiya nawa? Kanya fa, da ɗinya, da kaɗanya? Akwai kukar da za ka dafa ka ce a gaban idonka ta tsiro?

Mafi yawanmu tsofaffi zalla za mu tarar. Kukar da iyalinmu ke tsinka, da ɗorawar da ake kaɗe wa kalwa, da tsamiyar da ke tsinka mana kunu a watan azumi, duk gado ne, wasunsu ma an manta wanda ya bar su. Kowace shekara iskar farkon damina ta kayar da ɗaya, mai gatari ya ɗauke ɗaya, tsufa ya ci ɗaya, kuma babu na baya masu tasowa. Duk makiyayi ya san makomar garken da babu maraƙi a cikinsa, komai ƙibar shanun. Halin da gonakinmu ke ciki ke nan, sai dai inuwar tsofaffin ta hana mu gani.

Kada wani ya ce iri ne ya daina tsirowa. Duk damina 'ya'yan gawo da na ɗorawa da na aduwa suna fitowa a gonakinmu, ɗaruruwa. Mu ne muke gamawa da su. Sassabe ya ɗebi rabonsa tun kafin shuka. Garmar shanu da tarakta, waɗanda ba sa kauce wa ɗan tsiro yadda mai fartanya ke kaucewa, su kwashe saura. Wanda ya tsira, da an kwance awaki bayan girbi ya zama abin karin kumallo. Wanda akuya ta bari, wutar masu farautar gafiya ta lashe shi. A da akwai saura: a bar gona ta huta shekaru, kafin a dawo mata itatuwa sun fi ƙarfin bakin dabba. Yanzu mun yi yawa, gado ya yayyanka gonaki, babu mai filin da zai bari ya kwana. Abin da saura ke yi mana kyauta a zamanin kakanni, yau dole mu yi shi da hannunmu, ko kuwa ba za a yi shi ba.

Za a ce ai ana dashe kowace shekara. Ana yi. Watan Yuli ko Agusta a kafa rumfa, manya su zo, a miƙa wa babban baƙo shebur da butar ruwa, a ɗauki hoto, rediyo ta faɗi dubban da aka raba. Ba na raina wannan. Amma a koma wurin a watan Mayu, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, a ƙirga masu ganye. Lissafin da ya kamata a karanta a rediyo ke nan, kuma shi ne ba a cika karantawa ba. Sannan a duba abin da ake rabawa: darbejiya, turare, mangwaro, gwaba, kashu. Darbejiya ta yi mana rana, kowa ya shaida. Daga ƙasar Indiya asalinta, ta shigo Arewa a zamanin Turawa, ta rufa wa kasuwanninmu da makarantunmu asiri da inuwa, akuya ma ba ta cika damunta ba. Sai dai ba a kaɗa miya da ita, ba a daddawa da 'ya'yanta, ba a dama kunu da ita, kuma gero ba ya jin daɗin zama a gindinta. Turare kuwa mai shan ruwa ne, wanda ya dasa shi a bakin fadama ya sani. Baƙi sun samu masu reno, 'yan gida an bar su da Allah.

Mu na kudancin Jigawa muna da wata yaudarar kai. Da an ambaci hamada sai mu ce ai zancen Maigatari ne da Birniwa da Ɓaɓura, mu nan muna da duwatsu da koguna da daji har iyakar Bauchi. Gaskiya ne yashi bai binne mana gida ba. Namu ciwon daban yake: ƙasa tana wankewa, kwazazzabai suna cin gonaki da hanyoyi, ruwan da ya kamata ya nutse yana gudu a sama ya tafi da taki, ya je ya cika kogi ya yi ɓarna a gaba. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a jihar nan ba ya bukatar dogon bayani. Ga kuma buhunan gawayi jere a bakin titi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, gas da kananzir suka fi ƙarfin talaka, birane suka juyo kan dajinmu. Mai gawayi ba ya son ice mai laushi, ƙirya yake nema da marke da kanya, masu nauyi, waɗanda suka ɗauki shekaru da dama kafin su kai haka. Madobiya kuma ta ga ta kanta tun lokacin da 'yan kasuwar katako suka riƙa loda ta zuwa ƙasar Sin daga dazuzzukan Najeriya, har ta kai a shekarar 2017 an shigar da ita cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta sa wa ido a kan cinikinsu. A ƙarshen 2023 hukumar kare muhalli ta jiharmu, JISEPA, ta sanar da hana sare itatuwa don itacen girki da gawayi ba tare da izini ba. Madalla. Amma doka iyakarta ta riƙe hannun mai gatari. Ba ta ɗaukar bokiti ta shayar da dashe, ba ta kore akuya.

Haka manyan shirye-shirye. Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar itatuwa tun 2007, daga Senegal zuwa Jibuti. Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Jigawa na cikin jihohi 11 da ya shafa. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 na shirin ACReSAL a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa. Allah ya sa su amfane mu. Amma wanda ya zauna jiran wata hukuma ta zo ta rena masa ɗorawa a gonar ubansa, zai daɗe a zaune.

In kuna son shaida, ku dubi 'yan'uwanmu Hausawan Maraɗi, waɗanda ruwan da suke samu a shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, ƙasa da namu nesa. A farkon shekarun 1980 gonakinsu sun zama fili fetal. An koya wa manomi cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas, kuma itatuwa a wancan lokacin na hukuma ne, malamin daji na iya cin mutum tara a kan icen da ke cikin gonarsa, don haka babu mai sha'awar barin abin da zai jawo masa magana. Iska ta riƙa binne shuka, sai an yi biyu ko uku kafin ta kama. Wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a can, ya yi ta raba dashe daga gandun reno, akasarinsu suna mutuwa. A 1983 ya lura da abin da ke gaban kowa: ƙananan kumbura-kumburan ganyen da ake sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, tana ta ƙoƙarin tofowa. Abin da ake bukata kawai a zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kare waɗanda aka bari. Saboda tsohuwar saiwa ce ke ciyar da su, a shekara biyu ko uku sai su wuce tsayin mutum.

Da farko dariya aka yi wa masu yi, ana ce musu ƙazaman manoma. Yunwar 1984 ta sa ƙauyuka da yawa suka gwada, don an haɗa shi da rabon abinci, kuma da abincin ya ƙare wasu suka koma suka sare. Amma waɗanda suka bari suka ga iska ta rage binne musu shuka, matansu sun huta da doguwar tafiyar neman itace, dabbobi sun samu abinci a bazara. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Sassabin zamani suke ce masa. Da dokar ƙasarsu ta sassauta, manomi ya tabbata icen da ya rena nasa ne, sai abin ya bazu. Bayan kimanin shekara 20, masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu suka ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo a yankunan Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka karrama Rinaudo a ƙasar Suwidin tare da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya mai da faƙo daji da ramukan taki. An karrama mutum biyu, amma aikin talakawa ne masu adda da lauje, kuma ilimin ba sabo ba ne a ƙasar Hausa. Har yau a Damagaram ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimun ya ɗora a ƙarni na 19 kan duk wanda ya sare gawo. A kewayen Kano ma, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, ya nuna cewa a inda mutane suka fi cunkoso manoma sun riƙe itatuwan gonakinsu, ba su ƙarar da su ba, saboda kowane ice yana da mai shi.

To, ga abin yi, kuma daga wannan watan yake farawa.

Na farko, kututturan. Idan lokacin sassabe ya zo, a sassauta hannu. Duk inda aka ga gawo, marke, kalgo, magarya, aduwa ko ɗinya ta tofo, a zaɓi masu ƙarfi a bari, a datse na gefe da wuƙa mai kaifi, ana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. A ɗaura jan tsumma, mai huɗa ya gani ya kauce, mai neman itace ya san da mai shi. Wannan ba ya bukatar ruwa ko leda ko kuɗi.

Amma ɗorawa da kuka da tsamiya da kaɗanya, inda suka ƙare sai an shuka. Irin yana hannunmu, rani ne lokacinsa. Kuka da tsamiya suna nuna a cikin hunturu, gawo na zubar da 'ya'ya daga tsakiyar rani, ɗorawa sai bazara. A ɗebo daga uwa ta gari. Mata sun fi kowa sanin kukar da ganyenta ba ya ɗaci, da tsamiyar da ta fi tsoka, da ɗorawar da ba ta fashin shekara, a tambaye su. Yawancin irin namu ɓawonsa tauri gare shi, an halicce shi ya bi ta cikin dabba ko ya jira damina. Don haka sai a taimaka masa. Ƙwallon kuka a goga gefensa a kan dutse har ya ɗan faso, ko a tafasa ruwa a sauke a zuba shi ya kwana. Tsamiya kwana ɗaya a ruwa ya ishe ta. Kalwa ɗanya, wadda ba ta ga wuta ba, a ɗan fasa bayanta a jiƙa. Na gawo a zubar da wanda ƙwaro ya huda. Kaɗanya ita dabam ce: ƙwallonta ba ya ajiyuwa, in ya bushe ya mutu. Da ya faɗo a farkon damina a binne shi cikin 'yan kwanaki, kuma a inda ake so ya zauna, don saiwa yake fara turawa ƙasa, sai an yi watanni kafin a ga ganye. Kada a yi fushi a tone. Giginya ma a wurinta ake binne ta. Masu noman muruci, don Allah in kun zo tono ku bar uku ko huɗu a kowane rami su zama giginya. Azarar da ke ɗauke da rufin ɗakunanmu daga irin wannan barin ta fito.

Gandun reno ba sai da injin ban ruwa ba. Kusurwar tsakar gida ta isa, kusa da inda ake alwala ko wanke-wanke. Ledojin da suka cika mana kwatoci, na fiya-wata da na sukari da na gishiri, a tattaro, a huda gindinsu. Mai tsayi ta fi, don itatuwanmu masu doguwar saiwa ne. A cika da ƙasar gona haɗe da yashi da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin kaji ko na awaki ƙona tsiro yake. A shuka wajen Maris ko Afrilu, a yi 'yar rumfa, a kange kaji. Duk mako biyu a ɗaga ledojin a sauya musu wuri, in ba haka ba saiwa za ta huda ta kama ƙasa, ranar cirewa ta tsinke. Saura mako biyu a dasa, a rage ruwa, a janye rumfa, su saba da rana.

Lokacin dashe shi ne da zarar ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Dashen ƙarshen Agusta, wanda bukukuwa suka saba da shi, kwana nawa ya rage masa ya sha ruwan sama? Rami kamu ɗaya faɗi, kamu ɗaya zurfi, a mayar da ƙasar sama haɗe da taki a gindi, a yage leda a cire ta gaba ɗaya, a danne, a yi masa ɗan kwano da zai tara ruwa. A gangare a ja kunya siffar rabin wata a ƙasa da shi.

Duk wannan mai sauƙi ne. Yaƙin yana cikin watanni bakwai da ke tsakanin ɗaukewar ruwa da faɗuwarsa, kuma a nan ne muke zubar da makamai. Ku ji ni da kyau: wanda bai tanadi shinge ba, kada ya haƙa rami. Dashe biyar masu shinge sun fi ɗari marasa shi. Ƙayar magarya ko ta bagaruwa, a sassaro reshe ba a kashe uwar ba. Tubalin ƙasa a gina shi da tagogi don iska ta ratsa. Tsohon kwando, tsohon gidan sauro a ɗaura a kan turaku huɗu, tsofaffin tayoyi a jera. Karan dawa ma yana yi, sai dai gara da dabbobi suna cin sa, dole a riƙa sabuntawa. Shingen ya kai ƙirjin mutum, don akuyarmu tana miƙewa da ƙafa biyu, kuma a riƙa leƙawa, tunda rana ɗaya ta ɓaraka ta isa ta share wahalar wata shida.

Ruwa kuma, a ba shi ya ƙoshi sau ɗaya a mako ya fi a yayyafa masa kullum. Yayyafi saiwa yake kira zuwa sama, inda rana za ta dafa ta. Bokiti guda da yamma yana jan ta ƙasa, inda danshi yake. Ruwan alwala da na ɗauraye kwanuka, in ba omo ya yi yawa ba, duk suna yi. Mai fasasshen tulu ya binne shi a gefen dashen, ya cika, ya rufe bakinsa, zai riƙa tsatsafowa a hankali. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi a kewaye don rage bushewa, amma kada ya taɓa jikin icen, nan gara ke samun tsani. A barbaɗa toka. Gara dai ta fi kama wanda ƙishi ya riga ya raunana. A share ciyawa taku biyu ko uku a zagaye saboda wuta. Kuma a san halin kowane ice: 'yar kuka takan zubar da ganyenta duka a rani ta tsaya kamar sanda. Ba mutuwa ta yi ba, barci take, ruwa mai yawa ma ruɓar da ita yake. A ɗan kankare ɓawo da farce, in an ga kore a ƙyale ta. Hunturu yana busarwa, amma Maris zuwa Mayu ne mai kisa, lokacin da rijiya ta ja baya, kowa ya gaji, hankali ya koma kan sharar gona. Wanda ya riƙe dashensa a waɗannan watanni uku ya gama mai wuyar. Icen ƙasar nan in ya tsallake rani ɗaya ko biyu saiwarsa ta kai inda take nema, ba ya ƙara roƙon kowa ruwa.

Na san abin da ake faɗa a majalisa. Wai ɗorawa sai ta shekara takwas ko goma, kaɗanya sha biyar ko ashirin, wa zai jira? Mutanen Dutse sun jira dabino, ga shi yau da shi ake kiran garinsu, har cibiyar binciken dabino ta tarayya a can take. Kuma jiran ma ya ragu. Yadda muke yi wa mangwaro aure, haka ake yi wa kuka da tsamiya da magarya, a ɗauko reshen uwa mai haihuwa a ɗaura a kan ƙaramin dashe, ya yi 'ya'ya cikin 'yan shekaru. A cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai an aura wa magaryarmu irin Indiya, 'ya'yanta suka yi girma har ana kai su kasuwa kamar tuffa. A ƙasar Mali mata suna shuka kuka a fangali kamar alayyafo, suna tsinkar ɗanyen ganye bayan 'yan watanni, rani da damina. Me zai hana a lambunanmu? Kuma kada a ɗauka kayan talauci ne. Tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da farin garin 'ya'yan kuka a matsayin abinci, ana zuba shi a kwalabe masu tsada, man kaɗe kuma kamfanonin man shafawa da na cakulan ke nema. Ku shiga kasuwar Sara ku tambayi kuɗin kwanon kalwa, ku gwada da na shekarun baya.

Wai kuma inuwa tana kashe amfanin gona. Wata tana yi, shi ya sa tsamiya da kuka suka fi dacewa da kan iyaka, bakin hanya, makabarta, filin idi da ƙofar gida. Amma gawo fa? Shi da damina yake zubar da ganye, rana ta sauka a kan shuka, da rani ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, su kuma su bar taki a gindinsa. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa irin sinadarin da muke saye a buhun yuriya. Kowane tsohon manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili. A wannan tsadar takin zamani, mai sare gawo kansa yake yi wa sata.

Akwai uzuri ɗaya mai ƙarfi, shi ne na wanda ke noma gonar aro ko haya ko jingina. Ba ya dasawa don ba tasa ba ce, mai gonar ma ba ya so, kada gobe a ce an kafa hujja. Wannan maganar taku ce, ranku ya daɗe hakimai da dagatai da masu unguwanni. Ku zauna da Sarkin Noma da limamai da malaman daji ku fitar da ƙa'ida a fili: wanda ya rena ice, mene ne rabonsa a 'ya'yansa da rassansa, kuma wanda ya sare na wani ko ya saki dabba ta cinye, me zai biya. Abin da ya tayar da Maraɗi ke nan, tabbacin mallaka. Ku gayyato Arɗo a yi da shi tun farko, kada a yanke a bayansa. Makiyayi ya fi kowa bukatar gawo da madobiya da maje a bazara, kuma in an bar masa burtalinsa a buɗe, shi ma yana da abin karewa. A yi magana a kan sassabe reshe maimakon gundule kan ice.

Allah gafarta malamai, kun sha karantar da mu ladan wanda ya dasa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba za su ci. Ku ƙara mana da cewa ladan yana tare da amana. Kowane masallaci yana zubar da ruwan alwala sau biyar a rana. A ja 'yar kwata zuwa gindin tsamiya biyu. Kowace tsangaya da islamiyya da firamare, a ba kowane aji icensa da sunansa, a kuma san wanda zai shayar da shi lokacin hutu, don a hutu ne dashen makaranta ke mutuwa. Iyayenmu mata, masu daddawa da masu man kaɗe da masu kuka, sana'arku ce ke tsaye a kan waɗannan tsofaffin itatuwa, ku ne kuma masu tsakar gida, gandun reno a hannunku zai fi rayuwa. Matasa masu ƙungiyoyi, ku da kuke da waya, ku ɗauki hoton dashenku ranar dasawa in kuna so, amma ku sake ɗaukar wuri ɗaya a watan Mayu, ku ɗora su gefe da gefe kowa ya gani. Ku je wurin malaman gona na JARDA, ku je sashen gandun daji na Jami'ar Tarayya ta Dutse, ku ce a koya muku auren itatuwa. Sana'a ce, mai dashen kuka mai aure ba zai rasa masu saye ba. Masu gawayi, ban zo zagin ku ba, na san yunwa ce ta kai ku daji. Amma ku bar kututture mai tsawon da zai iya tofowa, kada ku cinna wa gindi wuta, ku ƙyale itatuwa masu ba da abinci. Su kuma shugabannin ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu, in za a ware kuɗin dashe, a ware na shinge da na mai ban ruwa tare, a sa ɗorawa da tsamiya da gawo da maɗaci a gandun reno, a kuma biya ɗan kwangila a kan abin da ya rayu.

Ba na neman dubu daga hannun kowa. Biyar nake nema daga kowane gida, na ƙasar nan, masu shinge, kowanne da sunan wanda zai shayar da shi. Wanda ya dasa a daminar da ta wuce, yau ya je ya duba shingensa kafin dabbobi su gama da gonaki. Wanda bai dasa ba, kuka da tsamiya sun kusa nuna, ya fara tara iri da leda. Mai unguwa ya buɗe littafi, ya rubuta gida da adadi da irin ice. Ranar Juma'ar ƙarshe ta watan Mayu, bayan an sauko daga masallaci, a fita unguwa-unguwa da littafin nan a ƙirga masu rai, a karanta sakamakon a ƙofar dagaci, sannan a maye gurbin waɗanda suka mutu da ruwan Yuli.